Mai Awo, Alƙalin Injunan Ces

Ƙarfe bakwai na safe Mai Awo ke buɗe ɗakin. Kwamfuta goma sha biyu a jere, labule a sauke saboda zafi, ba ka jin komai sai gurnanin fankoki. A kowace ana buga ces, darar nan mai sarki da dawaki, amma kujerun duk wayam. Doki ya yi tsalle, soja ya ɓace, babu hannu babu murya. Mai shara ta rantse ba ta shiga ita kaɗai. "Abin da ke wasa ba ya numfashi, ina ni ina shi?" in ji ta.

Shekara ashirin da shida ke nan yana haɗa manhajojin ces su kara da juna, wasa dubu bayan dubu, ya fitar da makin ƙarfin kowace, ya jera su a jadawalin da masana ke rububin dubawa. Sunansa ko a gefen takardar babu. Abokan aiki na yi masa tsiya don duk wasan da ya ba shi mamaki sai ya bi shi da hannu a kan allon katako, wai tsoho bai yarda da lantarki ba.

To, hannun nan ne ya tono abin. Wata shekara sabuwar manhaja ta haye saman jadawali cikin mako uku. Auta ne ya kawo ta, ɗan yayar Mai Awo, injiniyan da shi ya koya wa wasan tun yana ƙarami. Mai Awo ya haɗa ta da tsohuwar zakara yana bi da hannu, sai ya ga yatsunsa na riga injin sanin inda za ta taka. Ya ba su matsala iri ɗaya sau ɗari. Sau casa'in da takwas amsarsu guda, har da wani tsohon kuskure da zakarar ke yi da sarauniya a lungu. Ashe zakarar aka kwafa aka sauya mata suna, abu ɗaya ne zaune a kujeru biyu, yana wasa da kansa.

Ya kira Auta ya nuna masa.

"Kawu, wa zai sani? Wani kamfani ya ce zai ɗauke ni aiki in ta yi wata guda a sama."

"Ni na sani," in ji Mai Awo. Ya nuna injunan da haɓa. "Su ma sun sani."

Washegari yayar tasa, uwar Auta, ta zo har ƙofar ɗakin, ta ƙi shiga. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," ta ce.

"Yaya, ban yanke shi ba. Makin ne ba nasa ba."

Ya cire manhajar, aiki ya kuɓuce wa Auta. Shekara shida Yaya ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame.

Kai ne ma'aunin da ba ya sanin ɗan'uwa, Mai Awo. Kai ka zauna cikin abubuwan da ba su da kunya ba su da tsoron Allah, ka riƙe musu duka biyun.

Watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji. Manhaja ta ƙarshe da ya auna Auta ne ya aiko da ita, wadda ya rubuta da kansa tun daga layin farko. Wasa dubu cif, bai rage mata ko ɗaya ba. Ta zo ta arba'in da bakwai. Da yamma waya ta yi ƙara, muryar Yaya ce.

"An ce na arba'in da bakwai ya zo. Nasa ne?"

"Nasa ne, Yaya."

"To, ya gida?"

Mun gode, Mai Awo, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da aka damƙa wa ma'auni, kowane iri ne, ku auna naku yadda kuke auna na wani.