Baba da Rafin Hanyar Lis

Shekara goma ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hamidu, wanda mutanen unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda suka fi sani da Basarke, don gidansu masunta ne. A Yauri ya rasu, a bakin kogin da aka haife shi, ni kuwa ina nan Jidda ina wanke-wanke lokacin da wayar ta zo. Ban ga gawarsa ba, kuma shekarunsa na ƙarshe duk ban sa shi a ido ba. Wuni ɗaya da muka yi a bakin wani rafi shi ya raba mu, kuma har gobe in aka ambaci wunin nan a gidanmu, Umma tashi take yi ta bar wurin.

Abin da ya tayar mini da maganar bana, maigidana ne da ya gano wata tasha a dish wadda ba ta da aiki sai nuna kamun kifi. Turawan Amurka ne, kowa ya zura wandon roba har ƙirji, ya tsaya tsakiyar rafi mai duwatsu yana jifa da fatsa. Wani kifi suke nema mai ruwan ƙasa da ƙaramin baki, suna ce masa bas. Abin koton ma na roba ne. In mutum ya gama shan wahala ya kamo, sai ya ɗaga shi a ɗauki hoto, ya zare ƙugiya a hankali ya mayar da shi ruwa. Na ce wallahi da Baba na nan da ya jefi talabijin ɗin nan da takalmi. A yaudari kifi da roba, a huda masa baki, sannan a ce masa sai an jima? Na yi ta dariya ni kaɗai. Amma da na ƙara kallo sai jikina ya yi sanyi. Mutanen nan ruwa suke haurawa, ba sa binsa. Ba sa barin inuwarsu ta faɗa inda za su jefa. Gaban dutse suke jefawa su bar ruwa ya kawo koton bayansa. Duk abin da Baba ya koya mini ke nan, ban san akwai wani a duniya da ya san shi ba sai mutanen gidansu.

Aikin hajji ya kawo Baba da Umma a ƙarshen shekarun saba'in, suka zauna kamar yadda mutanenmu da yawa suka zauna. Ya samu aiki a kasuwar kifi, yana kankare ɓawo yana farke ciki wa masu saye. Shekara da shekaru hannunsa na cikin hamur da najil, amma bai taɓa yarda cewa su kifi ne na gaske ba. "Kifin gishiri," yake cewa yana taɓe baki, sannan ya shiga labarin giwan ruwa da tarwaɗa. Teku kuwa ya raina ta ƙwarai. Ya ce ruwan da ba shi da inda ya fito, ba shi da inda za shi, ta ina mutum zai karanta shi? Masu zama a Kornish, bakin tekun Jidda, da doguwar sanda su jefa su naɗe hannu, cewa yake yi ba su suke yi ba, barci suke a zaune.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ƙannena maza ƙwallo ce a gabansu, Hausar ma sai an matsa musu, don haka ni ce karatun ya faɗa wa. Ranar wankin Umma, Baba zai jera duwatsu a simintin tsakar gida, ya roƙe ta ta riƙa zubar da ruwan wankin a hankali daga can sama. Umma na mita tana zubawa, ni ina tsugune.

"Mi kika gani bayan dutsen ga?"

"Ruwa ya kwanta, Baba."

"To nan kifi ka zama. Shi ma bai son wahala. Kansa na kallon inda ruwa ka hitowa, abinci na iske shi."

Haka na girma da sanin rafi kaf a kaina, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. A Jidda aka haife ni, ruwan da na sani yana tafiya shi ne na kwata.

Daga baya kafilin Baba, Balaraben da ya tsaya masa, ya rasu, magada suka rufe shago, iƙamarsa, wato takardar zama a ƙasar, ta mutu ba wanda zai sabunta. Umma tana da tata a hannun gidan da take wa aiki, ƙannena suna ƙarƙashinta, ni kuma na yi aure ina ƙarƙashin ta mijina. Shi kaɗai ya rage a tsaye ba takarda. Duniyarsa ta dawo gida, kasuwa, masallaci, duk ta lungu. Ko mota ce ta tsaya da ƙarfi a bayansa sai ka ga wuyansa ya shige kafaɗa. Kowa a gidan ya san cewa ranar da aka ce masa "fen iƙama", wato ina takardarka, an gama, jirgi za a sa shi, kuma ba dawowa.

Ana haka sai maƙwabcinmu Ammu Bashir, Bahaushen Sudan ne direban wanet, irin a-kori-kurar nan, ya dawo daga kai kaya kudu da labarinsa. Ya ce an yi ruwa a duwatsun da ke bayan garin Lis, ya ga wani kwari da ruwa ke gudu a ciki, ruwan daɗi, har da kifi yana walƙiya. Allah ya jiƙan Ammu Bashir, bakinsa ba ya riƙe magana. Daga ranar Baba ya daina cin abinci sosai. Ya ciro wani tsohon gwangwanin madara da ya zo da shi daga Yauri, ya zazzage ƙugiyoyin da ke ciki yana goge musu tsatsa.

Umma ta gane tun kafin ya buɗe baki. "Malam, kai da ko unguwar Bani Malik ba ka iya zuwa sai ka yi ta waige? Akwai taftish a hanyar nan, shingen da ake duba takardu. In suka ɗauke ka, ni da yaran nan fa?"

"Yarinyar ga ta yi aure ba ta taɓa ganin ruwa na tahiya ba," in ji shi. "In na mutu haka, mi zan ce ma ubana?"

"Ka ce masa ka zauna ka riƙe iyalinka!"

Gaskiya ce Umma ta faɗa, na sani a lokacin, na kuma sani yanzu. Amma da ya waiwayo ya dube ni, ban ce a'a ba.

Ranar wata Alhamis muka tafi da sassafe, mu uku. Baba ya zauna a baya ya sunkuyar da kai, carbi na gudu a hannunsa. Da muka iso taftish, askarawan na can suna fama da wata babbar mota, ko kallonmu ba su yi ba. Ammu Bashir ya ce "Halas, mun wuce," Baba bai ɗago ba sai da muka bar kwalta muka shiga duwatsu.

Rafin bai kai yadda aka zuzuta shi ba. In ka yi tsalle mai kyau ka ƙetare, zurfinsa iyaka gwiwa. Amma yana tafiya, yana ƙara a kan duwatsu, kuma ni ban taɓa jin wannan ƙarar ba. Baba ya sauka ya nufi bakin ruwan. Ya durƙusa ya ɗebi ruwan ya kai baki, ya sake ɗiba ya watsa a fuska, ya daɗe bai juyo ba. Kuka yake yi, ba ya so mu gani.

Sai da aka buɗe gwangwani aka ga abin dariya. Ƙugiyoyin giwan ruwa Baba ya kawo, kowace kamar ta rataye nama, kifayen rafin kuwa babbansu bai wuce ɗan yatsa ba. Ammu Bashir ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana cewa, "Ya Hajj, wannan ai sai dai ka buge su da ita a ka!" Baba ya harare shi, sannan shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi fil ɗin mayafina. Ya lanƙwasa shi da haƙori, ya ɗaura zare, ya karyo ƙaramin reshe. Ya juya wani dutse a bakin ruwa ya ciro 'yar tsutsa a ƙarƙashi ya soka.

Ya ce in shiga. Na tattare abaya na shiga, sanyin ruwan ya kama mini ƙafa, yashi na zamewa ƙarƙashin tafina. Yana bayana yana magana ƙasa-ƙasa. In haura, kar in gangara, don laka ta bi bayana. In koma hagu, inuwata ta yi gaba. Ban jira ya nuna mini dutsen ba, ni na gan shi, ga ruwa ya kwanta a bayansa sak irin na tsakar gidanmu. Na jefa a gaba, na bar ruwa ya kawo. Zaren ya yi rawa a hannuna, abu ya fizga, na ɗaga.

Ihun da Baba ya yi ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Mutumin da ke magana kamar mai tsoron bango ya ji, ga shi tsakiyar ruwa, wando a naɗe, yana kirarin gidansu da ƙarfi har duwatsu na amsawa, yana kiran sunayen kakannin da ban sani ba yana gaya musu ga 'yarsu ta kama. Duk a kan kifin da bai isa kyanwa ba. Wunin nan wuyansa a miƙe yake. Ya yi ta tsokanar Ammu Bashir, ya yi sallar azahar a kan dutse da jiƙaƙƙen wando, ya ci gurasa da yawa. Kifayen da muka kama ya zura su a ciyawa, sila biyu.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. A taftish wannan karon an tsayar da mu. Wani matashin askari ya leƙo, ya ga tsoho da mace, ya yi mana sallama, ya ce Allah ya ba mu lafiya, ya ɗaga hannu mu wuce. Ammu Bashir har ya sa giya. Sai na ji Baba ya ce, "Tsaya."

A gidansu Baba, masunci ba ya shiga gida da kamunsa cif. Wanda ya fara yi masa sallama bayan ya baro ruwa yana da rabo a ciki, ko wane ne shi, ko da ba sa ga maciji. Kafin in kama rigarsa ya buɗe ƙofa ya sauka da sila ɗaya a hannu, fuskarsa cike da fara'a, yana ce wa yaron da Larabcinsa na kasuwa, "Haƙƙak, ya waladi," wato rabonka ne, ɗana. Askarin ya dubi kifayen ya fashe da dariya. Dariyar ce ta jawo babbansu daga cikin rumfa. Ya dubi Baba sama da ƙasa, ya ce, "Fen iƙama, ya Hajj?"

Na ga lokacin da wuyan Baba ya koma cikin kafaɗarsa. Ammu Bashir ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, ni na yi kuka, ba abin da ya canza. Mu biyu muka koma gida da sila ɗaya. Umma ta dubi bayanmu ba ta ga kowa ba, ta shiga ɗaki ta rufe.

Bayan 'yan makonni a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka sa shi a jirgi. Umma ba ta iya binsa ba saboda karatun yara, sau ɗaya ta samu ta je ta gano shi. Ni kuwa ciki, goyo, takardun fita, kullum sai in ce baɗi. Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba. Har na fara yarda da abin da Umma ke faɗa, cewa da gangan ya yi, gida yake so ya koma ya rasa yadda zai gaya mana.

Wata rana aka kai shi gidan waya a Yauri, na kira. Na gaishe shi, na tambayi ƙafarsa, sai na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, da gangan ka sauka?"

Ya ce, "Uwata, tun da na taka ƙasar nan ban taɓa mance ni baƙo ne ba, ko cikin barci. Ran nan na mance. Wallahi mancewa na yi."

Ban sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu na kai shekarun da nake iya auna abu ba tare da hawaye ba, ko da yake ba kullum ba. Baba bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba. Sana'ar da ya ji tsoron ta mutu a hannunsa tana nan a kan wata mata a Hindawiyya wadda sau ɗaya tak ta taɓa shiga rafi, ban kuma san ko ubansa zai karɓi wannan a matsayin an riƙe gado ba. Ƙannena sun tashi da uba mai raɓe-raɓe a lungu, shi suka sani, shi suke tunawa in sun yi masa addu'a. Ni kaɗai a gidanmu na ga yadda Allah ya halicce shi, na wuni guda, kuma sauran shekarunsa duka muka bayar a kan wunin.

Umma ta tsufa, tana yi masa sadaka duk Juma'a, ta ce shi ta yafe masa amma tafiyar nan ba za ta yafe ba. Jiya ma ta ce da ni, "Ki ce da ma ba ku je ba, ko sau ɗaya ki faɗa in ji." Na buɗe baki don in faranta mata, ita da ta riƙe mu ita kaɗai, na kasa. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa takarda.