Wanda ya tafi da katina

Shekarun baya, lokacin da yajin aiki ya cinye mana shekarar karatu, na dawo gida Tahoua ba aikin yi. An karya darajar kuɗinmu saifa, komai ya yi tsada, mahaifiyata ce ke ciyar da mu da ƙosan da take soyawa. Kunyar cin tuwon gidan nake ji.

Wata rana abokina ya same ni da fara'a, ya ce wani mutum ya zo ɗaukar matasa aikin ginar rijiyoyi wajen Tebaram. Muka tarar da shi a wani shago kusa da tasha, ya sha kwat, yana zuba Faransanci. Bai tambaye ni abin da na iya ba. Ya ce in kawo katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, na ainihi, za a yi rajista a Yamai a maido mini.

Da na faɗa wa mahaifiyata sai ta ajiye matsamin ƙosai. "Wane irin aiki ne ba a tambayi ƙarhinka ba sai takardunka?" Na ce mata haka ake yi a birni. Ni mai boko ke nan.

Na kai masa takardun. Da muka koma karɓa, shagon a rufe. Mai shayin gefe ya ce ai ɗan haya ne, ya tashi.

Damina ta wuce. Wata safiya jandarmomi suka yi sallama a ƙofar gidanmu, suka kira cikakken sunana da na mahaifina. A birgad, ofishinsu, aka ce ni na yi hayar wata mota kat-kat da katina zuwa arewa, aka sauke direban a daji, mota ta ɓace. A lokacin arewa ba lafiya, duk wanda aka haɗa sunansa da motar da ta ɓace a can, maganarsa ta wuce ta sata. Na rantse ko tuƙi ban iya ba. Shugabansu ya ce an aika wa mai motar a Takanamat, shi zai raba mu.

Na wuni a kan benci. Ta taga ina hango mahaifiyata zaune a rana, ta ƙi shiga inuwa.

Bayan la'asar mai motar, wani dattijon Buzu, ya shigo da rawani. Ya tsaya a kaina yana kallona. Ya ce in miƙe. Ya ce in yi magana. Na ce, "Baba, ban taɓa ganinka ba."

Ya juya ga jandarman. "Ba shi ba ne. Wancan ya girme shi, kuma muryarsa ba haka take ba."

A waje na ba shi haƙuri, ban ma san na me ba. Ya ce motar nan da ita yake ciyar da gidansa. Bai sake ganinta ba.

Tun ranar, duk mai son takarduna sai na ji ko shi wane ne, na ga inda yake zama, kuma ba sa barin hannuna. Mai kwat ɗin nan ba a kama shi ba. Har yau in baƙo ya yi sallama ya kira cikakken sunana, sai gabana ya faɗi kafin in amsa.