Madafar Kawu Bawa a Ƙofar Gida

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Kende ya san shi da muciya a hannu. Tsofaffi sa'o'insa sanda suke dogarawa, shi kuwa muciyar tuwo, doguwa, wadda kanta ya yi baƙi don tsufa. Da ita yake nuna hanya, da ita yake korar kaji, da ita yake yi wa mutum barka da zuwa. Wata rana ya manta ya shiga masallaci da ita, liman ya dube shi ya ce, "Malam Bawa, nan ba a tuƙi." Kawu ya jingina ta da bango ya ce, "Sahu na zo gyarawa, Liman. Na ga ya yi gudaji."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, ina aure a Bagudo, don haka ni ce dangi mafi kusa da ƙofarsa. Waɗanda ba su san tushen muciyar ba, ga shi. Yana saurayi ya ƙetare iyaka ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani attajiri a ƙasar Benin, wadda har ya bar duniya Dahome yake ce mata. Da ya dawo ya koma gonar shinkafa, ya auri Inna Kulu, ya ajiye girki, sai dai gyaran miya da baki daga nesa. 'Ya'yansu suka girma suka watse: Sani yana Legas, Umaru yana Kwatano, Hadiza tana aure a Birnin Kebbi. Sai Inna Kulu ta rasu, gida ya zama daga shi sai awaki.

Bayan sadakar arba'in ya sa kwaɗo a madafarta. Na ce, "Kawu, to ina za a riƙa dafa maka?"

Ya ce, "Ta bar tukwanenta yadda taka so, ban taɓa mata su. Waje za ni gina tawa."

Ba tsakar gida yake nufi ba, ƙofar gida, gindin mangwaro, inda kowa ke wucewa. Amininsa Malam Garba, wanda katanga ce kawai ta raba su, ya zo ya zauna da shi ya ce, "Bawa, namiji da furfura yana tuƙa tuwo a bakin hanya? Ka ƙara aure mana."

Kawu ya ce, "Wadda miyarta ta fi tawa ta mutu, Garba. Sauran in na auro, ni za ni riƙa dafa musu."

Aka kirawo Isa magini. Isa ya kawo shawarar bulo da siminti da rufin kwano, Kawu ya ce shi ba shagon cajin waya zai buɗe ba. Laka yake so daga fadama, a kwaɓa ta da ƙaiƙayin shinkafa, murhu mai baki uku, na tuwo da na miya da na gashin kifi, a sama kuma rumfar zana. Isa ya yi yadda aka ce. Da ginin ya bushe Kawu ya hura wuta, ya ja da baya, ya tsaya yana kallon hayaƙi. Hayaƙi ya tashi ya haura katangar Malam Garba. Kawu ya ce a rushe, wai ba zai ciyar da Garba ƙamshi kyauta ba bayan maganar da ya faɗa masa. Aka sake ginawa ta wata fuskar. Wannan karon hayaƙin ya juya cikin gida, ya nufi ɗakin Inna Kulu. Kawu ya ce a rushe wannan ma.

Isa ya aje cebur ya ce, "Baba, hayaƙi fa iska yaka bi, ba gini ba."

"To tahi ka gina iskar, ni in gina murhun."

Isa ya tafi bai dawo ba. Kawu ya naɗe wando ya shiga laka da kansa, tsoho da ciwon gwiwa, ya gina abinsa yana fuskantar titi. Da hayaƙi ya miƙe ya bi hanyar da 'yan kabu-kabu masu babur ke bi zuwa iyaka, sai ya buga muciya a ƙasa ya ce, "Wanga shi ne daidai. Ya tahi ya kirawo mutane."

Bai tsaya nan ba. Ya zagaye rumfar da dakali, dogo, wanda zai ɗauki 'yan ɗaurin aure. Ya shafe shi sumul, ya raba wa kowa wurinsa. Nan na Sani da iyalinsa, kusa da murhu, don shi ba ya son tuwo ya huce. Can na Umaru. Gefen inuwa na Hadiza da yaranta. Wata tsohuwar akuya ta gano cewa wurin Sani ya fi ɗumi, ta mai da shi wurin kwanciyarta. Kawu ya kore ta ya gaji, ya bar ta. Ina zaune Sani ya bugo waya daga Legas, na ji Kawu yana cewa, "Lahiya lau. A'a, kada ka damu da zuwa, an samu wadda ta riƙe maka wurinka. Ita ma ba ta magana da yawa, amma kullum tana nan."

Matsalar Kawu ita ce hannunsa bai san girkin mutum ɗaya ba. A gidan attajiri ya koya, in ya ɗora tukunya sai ta cika. Maƙwabta suka ci na kwana biyu, kunya ta kama su, suka janye. Hayaƙin ma bai kirawo kowa ba, masu babur suna shaƙar ƙamshi suna ƙara wuta. Sai ya ɓullo da dabara. Ya riƙa tsayawa bakin titi, in ya hango baƙon babur ya ɗaga muciya ya ce, "Yaro, tayarka ta baya ta sace." Mutum ya taka birki, ya sauka, ya matsa taya ya ji ta tauri kamar dutse. Kafin ya buɗe baki Kawu ya ce, "Ashe idona ne. To tunda ka tsaya, wanke hannu."

Haka ya ciyar da masu ɗaukar buhunan shinkafa da Fulani masu zuwa kasuwa. Har wani Badande daga ƙetaren iyaka ya taɓa faɗawa tarkon, ba ya jin Hausa, Kawu kuma Dandancinsa ya tsufa, suka cinye kwanon tuwo da miyar kifi suna yi wa juna murmushi. Kawu ya ce bai taɓa hira mai daɗin wannan ba.

Amma hanya ɗaya ce, masu binta kuma su ne dai. Ba a daɗe ba kowa ya gane. Sai ka ji mai babur tun daga nesa yana cewa, "Baba, taya lahiya lau," ya wuce da gudu. Wata rana tayar wani ta sace da gaske, Kawu ya ɗaga muciya ya faɗa masa, yaron ya yi dariya ya wuce. Can sai ga shi ya dawo yana tura babur, gumi sharkaf, ya ce, "Baba, ashe gaskiya ce. A taimaka min da abinci." Ranar kuwa gwiwa ta hana Kawu ɗora tukunya. Ya dube shi ya ce, "Ka gani ko? Ran da nib bar ƙarya, ran nan babu tuwo."

Sallar layyar da ta zama ta ƙarshe gare shi, duka 'ya'yan suka yi alkawarin zuwa. Kawu ya sake zanar rumfa, ya yi wa dakali sabon shafe, ya aika wa wani masunci abokinsa a bakin kogin Kwara ya aje masa kifi giwan ruwa. Washegarin Sallah na hau babur na je da la'asar, ina tsammanin in iske gida cike. Tun daga nesa na ga bakin murhu uku duk da wuta. Na ƙaraso na iske shi zaune shi kaɗai a tsakiyar dakalin nan, da sabuwar riga, tabarmi a shimfiɗe ko'ina babu kowa a kai. Sani aiki ya riƙe shi. Motar Umaru ta lalace. Ɗan Hadiza ba lafiya.

Ya ce, "Sun kyauta. Da sun zo, da naman bai isa ba." Tukwane kuwa ko taɓa su ba a yi ba.

Ya zuba min, ya zauna yana kallona ina ci, shi bai ci ba. Na ce, "Kawu, wahalar nan ta yi yawa. Ka riƙa dafa daidai cikinka."

Ya ce, "Ɗiyata, na san nisa, ni ma na yi zaman Dahome uwata tana jira. Ban gina don in tilasta musu ba. Ina gudun ran da za su zo su ce ba a shirya ba."

Muka ɗauki tukwanen ni da shi da matar Malam Garba muka rarraba gida-gida.

Da kaka ta kama ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Duk suka zo, da matansu da 'ya'yansu, har da jikokin da bai taɓa gani ba. A madafarsa aka dafa abincin masu ta'aziyya, don babu inda zai ɗauki tukwanen sai nan. A ranar muka gano abin da ba wanda ya lura da shi: Kawu dogo ne, kuma daidai tsayinsa ya gina murhun. Mata suka yi ta ɗage, abu ya gagara, sai da aka kifa turmi Hadiza ta hau tana tuƙi. Ana kuka aka fashe da dariya, ita ma tana dariya hawaye na zuba, tana cewa, "Baba bai yi shawara da gajeru ba."

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa ƙaryar taya, ya karɓi kowace loma da ya ciyar. Allah ya sada shi da Inna Kulu a Aljanna, ya zaunar da shi cikin jama'a, kada ya sake cin abinci shi kaɗai. Amin.