Malam Datti, Wanda Jirgi Ke Bari a Tasha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Maris, 1979, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Datti Jika a gidansa da ke Bukuru, bayan gajeruwar rashin lafiya. Masu kallon talabijin a Jos sun san shi da shirin "Ƙasarmu ta Tagar Jirgi". Ni ne Bala, mai ɗaukar hoton shirin, wanda ya sha saɓa kyamara yana bin sa a baya yana masifa.

Datti, ka tuna ranar da Oga Robert Jang, shugaban sashenmu, ya kira mu ofis? Ya ce mu hau jirgin ƙasa daga Jos, mu nuna wa jama'a duwatsu da koguna da kasuwanni har Maiduguri. Ya ja mana kunne cewa fim daga ƙasar waje yake zuwa, ba abin wasa ba ne. Abin da bawan Allah bai sani ba shi ne, kai ba ka iya gajarta gaisuwa ba.

A tafiyar farko ko Kuru ba mu wuce ba. Ka sauka don ka nuna inda layin dogo ya rabu, sai wani mai dankali ya yi kuskuren ce maka sannu. Shi ke nan! Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, yaya tsohuwa, ƙafar tata da sauƙi? Mutumin da ba ka taɓa gani ba fa. Jirgi ya yi jiniya, na ce, "Datti, jirgi!" Ka ɗaga mini hannu ka ce, "Bala, ba a barin mutum a tsakiyar gaisuwa. Bai tambaye ni iyali ba tukuna." A wancan makon abin da mutanen Jos suka gani na ƙasarsu shi ne bayan jirgi yana ɓacewa. Mu kuwa a saman buhunan dankali muka dawo gida.

Bauchi sai da muka yi ta gwadawa kafin mu kai. Da muka kai, ka gai da wani ma'aikacin tasha, ya ce an yi masa haihuwa, yau suna. Ka ce ai jin haihuwa ba barka rashin tarbiyya ne. Muka ci rago, jirgi ya yi gaba da jakunkunanmu. Wallahi a ranar na yi rantsuwa ba zan sake bin ka ko nan da kasuwa ba, da sati ya zagayo kuma ni na riga ka zuwa tasha.

Ƙarshe Oga ya gaji. Ya ce, "Datti, ni ban aike ka gaisuwa ba. Fim ɗaya ya rage. In wannan karo ba ka kai Maiduguri ba, shirin ya mutu, ka koma karanta sanarwar awakin da suka ɓata." Ranar na ga tsoro a idonka, domin shirin nan kamar ɗa yake a wurinka. Kai da bakinka ka roƙe ni in tsare ka. Na zaunar da kai nesa da taga, ka ja hula ta rufe maka ido, ni na tokare ƙofa. Muka wuce Kuru kana gumi. A Bauchi abokanka na wurin suna suka yi ta buga gilashi suna kiran sunanka, ka runtse ido, amma ina ganin leɓɓanka suna amsa musu a ɓoye.

A Gombe aka gama da mu. Wata tsohuwa mai fura ta leƙo ta yi sallama. Ka ce, "Bala, sallama fa ta yi." Na ce, "To amsa daga nan!" Ka dube ni kamar na yi saɓo: "Sa'ar uwata ce, in amsa mata ina zaune?" Ka ture ni, ka sauka, ka durƙusa. Na biyo ka da kyamarar da haushi ya hana ni kunnawa, jirgi ya tafi Maiduguri ba mu.

Da zazzaɓi ka dawo. Oga ya ce in raka shi Bukuru, zai duba ka, kuma zai faɗa maka hukunci baki da baki. Kana kwance, murya ba ta fita sosai, amma kana ganin sa ka fara: yaya hanya, yaya Madam Suzana, yaya su Dina, ita 'yarka Ana an biya mata buƙata a jarrabawa? Sai ya buɗe baki zai shiga magana, sai ka tuno wani kawunsa na unguwar Kabong. Tun azahar har aka kira la'asar mutumin nan yana "lafiya lau", hula a gwiwa. Ya tashi bai faɗa ba. A bakin ƙofa ya share ido ya ce mini, "Ka gaya masa fim ɗinsa yana jiran shi." Na gaya maka, ka yi murmushi, ka ce in fara neman tikiti.

Yanzu Oga ya ce in je in ƙarasa shirin da sunanka, jibi zan tashi. Na san wannan karon zan isa Maiduguri a kan lokaci, ba mai riƙe ni a kowace tasha. Datti, wallahi abin da ke sa ni kuka ke nan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da sallama, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ga mai ɗakinka Talatu, da 'ya'yanka Lukuman da Hassana, da dukkan dangi, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.