Buzun Alaramma da Kwamfutar Ƙwallo

Har yau ban manta da ranar Talatar da Habibu ya shigo shagonmu na Karaye rungume da kwamfuta ba. Ku da kuke koyon aiki a hannuna, na san kuna dariya a ɓoye duk lokacin da na tambayi mai kaya, "A kan me kake ajiye ta?" tun kafin in ɗauki sukundireba. To yau zan gaya muku inda na samo wannan tambayar, domin ba da arha na same ta ba.

A lokacin Injiniya Bala ne mai shagon, ni ne na biyunsa. Shi ke karɓar aiki, ni ke buɗe inji. Ƙa'idarsa ita ce kowace kwamfuta a yi mata kati, a rubuta ƙorafin mai ita da abin da aka gani da abin da aka yi, sannan ba za ta bar shago ba sai an gwada ta awa guda cur. Ni kuwa a shekarun nan kaina ya yi girma. Na yi kwas a Kano, hannuna yana da sauri, kuma ina ganin babu ciwon kwamfutar da zai kwana a gabana.

An gama cirar gyaɗa ke nan Habibu ya zo. Malamin firamare ne a Rogo, ɗan kimanin shekara talatin, asalinsu wani ƙauye kusa da Zoza. Kwamfutar tasa ta tafi-da-gidanka ce, amma irin wadda aka ƙera don wasanni: baƙa, mai nauyi, da jar fitila a ƙarƙashin madannai, da fanka biyu a ciki. Irin waɗannan suna da ƙarfi sosai, sai dai ƙarfin da zafi yake tafe. Ya saye ta ta hannu don buga ƙwallo bayan an tashi daga makaranta, kuma bai ɓoye mini hakan ba.

Amma ba ƙwallo ce ta kawo shi ba. Mahaifinsa, Alaramma Malam Isiyaku, ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Likitoci a Kano sun sa ranar aiki, kuma sun faɗa musu gaskiya cewa mai yiwuwa muryar ba za ta dawo ba. Alaramma yana da Alƙur'ani rubutun hannun mahaifinsa, shi ne ya ce yana so a ɗauki karatunsa daga farko har ƙarshe, kyamara tana kallon shafin, shi yana karantawa yana nuna wa ɗalibai wuraren da ake rikicewa.

"Saura kwana ashirin a tafi da shi," in ji Habibu. "Izu sittin, uku a rana, babu rarar ko kwana ɗaya. Kuma da hantsi kawai muryar take fita. Amma da an yi minti ashirin sai hoton ya fara tsalle, sautin ya kakkatse, daga nan ta mutu ɗif."

Na ce, "Me ya hana ku ɗauka da waya?"

"Mun gwada. Ta cika tun ba a je ko'ina ba, kuma kukan awaki ya fi muryar Baba fitowa."

Na buɗe ta, nan take na ga abin da nake son gani. Ram ɗinta ƙarami ne. Ram, ga wanda bai sani ba, shi ne filin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, in ya yi kaɗan sai aiki ya cushe. Ma'ajiyarta kuma tsohuwar yayi ce, mai faifai da ke juyawa a ciki. Na ninka mata ram, na sa mata sabuwar ma'ajiya mai sauri, na kwashe komai na mayar, na sabunta manhajar da ke tuƙa katin hoto. Da na zo busa fanka sai na ga wani farin gashi mai laushi ya nannaɗe a jikin fukafukan.

Na ce, "Malam Habibu, kyanwa kake kwana da ita?"

Ya yi dariya ya ce ba shi da kyanwa. Ni ma na yi dariya, na hure gashin, maganar ta mutu a nan.

Gwajin awa guda kuwa da ƙwallo muka yi shi, a kan teburin shago. Ya lallasa ni son ransa, kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Na cika kati, na miƙa masa ita ina cewa, "Je ka, in ta sake mutuwa ka canja mini suna."

Laraba ta mutu. Alhamis ta sake mutuwa. Ranar Juma'a sai ga shi ya dawo, idanunsa sun yi ja. Bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Jiya Baba ya karanta kusan rabin izu kafin in lura ta tsaya. Da na gaya masa, sai ya sha ruwan ɗumi ya ce a sake daga farko."

Na sake buɗe ta. Na goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar injin da ƙarfen da ke janye zafi, na shafa sabo. Na auna caja, lafiya lau. Sai ga farin gashin nan kuma a fanka, cikin kwana uku kacal! Mai hankali da ya tsaya a nan ya yi tambaya. Ni sai na hure shi a karo na biyu, na ɗora laifin a kan wutar solarsu, na ce ita ce ba ta da ƙarfi. A kan teburina ta yi awa biyu tana gudu ba gargada.

Ranar Asabar Habibu ya aro janareto daga maƙwabta saboda maganata. Da azahar ya kira ni, yana yin sallama na gane daga muryarsa cewa ta sake mutuwa. Na ajiye wayar na zauna na yi tagumi. Kwana biyar sun tafi, kuma kowace safiya a cikinsu wani yanki ne na muryar dattijon da ba za a sake samu ba.

Injiniya Bala yana gefe yana cin gyaɗa. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Sani, ta taɓa yin ciwon a gabanka?"

Na ce, "A'a, Oga."

"To kai me kake ta yi wa magani?"

Ya ciro makullin babur ɗinsa ya ajiye mini a kan tebur. "Gobe ka je inda take ciwon. Kada ka taɓa komai. Ka zauna ka kalla."

Ranar Lahadi tun da sassafe na kama hanyar Rogo, na ratse zuwa Zoza, ko'ina an baza gyaɗa tana shan rana. Habibu ya tare ni ya kai ni zauren mahaifinsa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Kai ne likitan injin? An sha hanya. Ya mutanen Karaye? Ya maigidan naka?"

Muryar tana fita a shaƙe, amma akwai zaƙi a ƙarƙashinta. Farin tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzunsa, wato fatar rago mai gashi da malamai ke zama a kai. Gardawa uku, manyan ɗalibansa, suna jingine da bango. Ga kyamara an ɗaure ta a sanda tana kallon shafi, ga makirufo a gabansa. Sai na nemi kwamfutar da ido.

Tana daga damansa. An ajiye matashin kai, an shimfiɗa wani buzu mai kauri a kansa, fari tas, sannan aka ɗora ta a tsakiya. Ta nutse cikin gashin har gefunanta sun ɓace. Ta baya kuma, daidai inda iska mai zafi ke fita, an rufa mata wani kyakkyawan ƙyalle mai aiki.

Nan take na gane ciwon. Amma Oga ya ce in kalla, don haka na yi shiru. Alaramma ya yi bisimilla ya fara. Ban taɓa jin karatu irin wannan kusa da kunnena ba, har tsigar jikina ta tashi. Can sai fanka ta fara kuka, kukan yana ƙaruwa, hoto ya fara tsalle. Ban iya jira ta mutu ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a dakata."

Na jawo Habibu gefe na tambaye shi ko a nan yake ajiye ta kullum. Ya ce a ɗakinsa na Rogo a kan tebur yake buga ƙwallo. Amma tun ranar da aka fara ɗaukar karatu Baba ya ce abin da Alƙur'ani ya shiga cikinsa ba zai zauna a ƙasa ba, ba kuma zai hau teburin da ake cin abinci ba. Shi ya sa Alaramma ya ciro buzun nasa mahaifin, wanda ko shi kansa ba ya zama a kai, ya ba ta.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai sai a sauke ta, a samo bulo biyu a ɗora ta."

Ɗaya daga cikin gardawan ya watso mini wani kallo. Alaramma ya ce a hankali, "Bulo kuma, ɗana?"

Kunya ta rufe ni. Na gyara durƙuso na sake lale. "Allah gafarta Malam, a gafarce ni. Wannan injin ta ƙasa yake shaƙar iska, ta baya yake fitarwa. In zafi ya yi masa yawa sai ya rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya ci tura ya kashe kansa. Ko za a taɓa nan a ji?"

Na ɗaga ta, ya sa tafin hannunsa a ƙasanta, ya janye da sauri. Ya dubi buzun, ya dubi ƙyallen. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ashe dariya yake yi.

"Ikon Allah. Mu muna karrama ta, ashe shaƙe ta muke yi." Ya juya ga ɗansa. "Habibu, shiga ɗakina ka ɗauko mini katakon karatu."

Sai ga shi da ɗan katakon nan mai naɗewa da ake buɗewa a ɗora Alƙur'ani. Alaramma da kansa ya buɗe shi, ya kafa shi a kan buzun, ya ce in gwada. Kwamfutar ta zauna daram a kan fukafukansa biyu, ƙasanta a buɗe, iska tana wucewa. Ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta kuma rabu da buzun ba. Ni da kwas ɗina na Kano ban kawo wannan a raina ba.

Na kwance ta a nan zauren, na tsince gashin rago daga fanka a karo na uku, wannan karon na san sunansa. Ƙyallen kuma muka yi yarjejeniya sai an kashe ta ta huce za a rufa mata. Alaramma ya sha ruwan ɗumi ya koma farkon Baƙara. Na zuba wa ma'aunin zafi da ke kan allonta ido, ya hau kaɗan ya tsaya. Aka wuce minti ashirin, aka wuce awa guda. Har ya rufe izu na uku ba ta yi ko gezau ba. Habibu ya fita waje, na san hawaye ya je sharewa.

Daga ranar Alaramma ya mayar da karatun izu huɗu. Wata rana muryar ta ba shi, wata rana ta ƙi. Ranar da motar Kano ta zo ɗaukarsa, izu hamsin da takwas ne a cikin kwamfutar. Saura biyu. Waɗannan biyun ni na san inda suka tafi, sun tafi a kwanakin da nake hure gashi ina zargin wutar sola.

An yi aiki lafiya, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa. Na daɗe ina jin nauyin zuwa gaishe shi. Da na daure na je, sai na tarar da zauren cike. Kwamfuta tana kan katakonta tana karatu da muryar Alaramma, shi kuma yana bin ɗalibai da ido, wanda ya kuskure ya ƙwanƙwasa masa ƙasa da yatsa.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, izu biyun nan laifina ne. Da na zo tun ranar farko, da an kammala."

Ya yi wa Habibu alama. Habibu ya sunkuyar da kai ya buɗe izu na ƙarshe a kwamfutar. Hoton shafin ne dai, da yatsan Alaramma yana bin layi, amma muryar ta Habibu ce. Ashe bayan an dawo daga asibiti tsohon ya zaunar da shi, ya yi ta maimaitawa a gabansa har sai da yatsan ya daina ƙwanƙwasa ƙasa, sannan aka ɗauka.

Alaramma ya jawo ni kusa, na kai kunnena bakinsa. "Shekara goma ina kiransa ya zauna ya karanta a gabana, ƙwallo ta hana," in ji shi. "Bar izu biyun nan. Sun fi mini daɗin saurare." Ya numfasa, ya nuna kwamfutar da haɓa. "Duba mini ita. Tana shan iska?"

Na sa hannu a ƙasanta, na ce tana sha.

Abin da na koya shi ne teburin shago ba ya faɗin gaskiya duka. Inji a gidan mutane yake zama, kuma mutanenmu sukan lalata abu saboda tsabar ganin girmansa, ba don sakaci ba. Irin wannan ba a gyara shi da raini, sai an je an zauna an gani. Ram ɗin da na ƙara da sabuwar ma'ajiya sun yi amfani, ban ce ba su yi ba, amma ba su ne ciwon ba. Washegarin dawowata ta farko daga Zoza Injiniya Bala ya sa aka ƙara layi ɗaya a saman katin shago, shi ne wanda kuke tsallakewa in kuna sauri. Daga yau duk wanda ya kawo mini kati babu amsar "A kan me ake ajiye ta?", zai koma ya tambayo.