Tsohuwar Da Aka Bari a Cikin Fim

Jegon surukata ya kai ni Doha, korona ta rufe ni a can. Bene muke zaune a unguwar Old Airport, ni da ɗana da matarsa da jinjira, sai jikana mai shekara goma sha ɗaya wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba.

Ni kuwa kaka ce, ba zan fasa wasan jika ba. Kullum da safe sai na ce, "Maigida, ka tashi? Miji sai barci, matarka na nan da yunwa." Ya yi ta kallon bakina. Ashe ya je ya tambayi uwarsa ma'anar maganar, ta faɗa masa, ya tsorata.

Ɗana ya same ni a kicin. "Inna, don Allah ki bar ce masa mijinki. In ya faɗa a aji, malaman nan ba za su gane ba. Sai a kira mu."

"A kira ku a ce me? Kai kakarka ba ta aure ka ba?"

"Nan ba gida ba ne, Inna. Khalas."

Ni ake ce wa khalas, wai magana ta ƙare.

A makon ne malamar su jikana ta ba su wani tsohon fim su kalla a kwamfuta, baƙi da fari, ba magana, sai rubutu jefi-jefi. Na zauna kusa da shi. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga makarantar manya, saboda haka kafin in haɗa harafin Turanci, rubutun ya wuce. Amma ido ba ya neman tafinta.

Yahudawa ne. Na ɗauka zan ga masu ƙarfi, don kuwa haka na saba jin labarinsu. Sai na ga talakawa, ana fasa musu ƙofa, ana jan dattijo da gemu, wata tsohuwa na gudu da tukunya a ƙirji. Haka na ɗauki tukunya ranar da aka ƙone unguwarmu, ban ma san na ɗauka ba.

Suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Ɗan tsohuwar ya aske gemu, ya sa kwat, ya buɗe shago. Wata rana ta ɗora hannu a kan jikanta za ta sa masa albarka irin tasu, yaron ya zille, uban ya leƙa taga ko maƙwabta sun gani. Bakinta na motsi, ba wanda ke ji.

Fim ɗin ya ƙare da biki, kowa na dariya. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ciki. Ba a nuna ta mutu ba, an dai daina nuna ta.

Na kira uwar jikana. "Tambayar min shi, ina tsohuwar?"

Ya ɗaga kafaɗa ya yi magana. Ta ce, "Wai labarin ba nata ba ne."

Da ɗana ya dawo na ce, "Gaya min gaskiya, yaron nan zai koma gida ya zauna?"

Ya ce, "Ba na jin zai koma, Inna."

Na sake zuwa Doha gab da gasar ƙwallo ta duniya, tutoci sun cika titin Corniche na bakin teku. Jinjirar ta yi baki, Turanci zalla. Na goya ta a gaban ubanta, ina yi mata tawai da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ya tashi ya rufe taga, ban rage murya ba.