Inabin Kakata da Bai Taɓa Yin 'Ya'ya Ba

Na tsara wannan bayani ne daga abin da na rubuta a littafin aljihuna cikin kwana uku, Litinin zuwa Laraba, a farkon daminar bana. Lokutan da na ambata daga agogon wayata suke. Nisan hanya ban auna ba, shi ya sa ban rubuta ba. Wurare biyu na ji maganar da aka yi amma ban tabbatar da kalmominta ba, kuma zan nuna su.

A tsakar gidan Kawu Garba, yayan mahaifiyata, a Kaya ta ƙasar Maradun, akwai itacen inabi da ya lulluɓe rumfa. Kakata, marigayiya Hajiya Kulu, ce ta dasa shi. Mahaifiyata ta ce daga aikin Hajji ta taho da reshen. Kawu ya ce wani ma'aikacin madatsar Bakolori ne ya ba ta. Ban sami wanda zai raba gardamar ba. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne: bai taɓa yin 'ya'ya ba.

Ranar Lahadi matar Kawu, Inna Hajo, ta aiko gidanmu a Mafara da reshe ɗaya da saƙo cewa ranar Alhamis magina za su sare itacen, za a yi ɗakin injin niƙa a wurin. Mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa, ba ta iya tafiya. Ta riƙe reshen tana jujjuya shi. Maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, malamar makaranta da ta yi ritaya, ta shigo ta gan shi ta ce, “Ai ana cin wannan ganyen. Na yi aiki gidan wasu Larabawa a Jos ina budurwa, shinkafa suke naɗewa a ciki.” Ta faɗa mini yadda ake yi, na rubuta. Na yanke cewa idan itacen ya kasa kare kansa da 'ya'ya, zan gwada kare shi da ganye.

Litinin, Bakura

Na karanta ilimin abinci a jami'a, ba zan ciyar da mutane ganyen da ban tabbatar da shi ba, domin akwai tsiron daji mai kama da inabi. An yi mini kwatancen wani mai lambu a Bakura, Malam Bawa, wanda nasa ke yin 'ya'ya. Na fita gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, amma motar ba ta cika ba sai bakwai da minti ashirin. Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce. A na biyun aka tambayi abin da ke cikin ledata. Direba ya riga ni amsawa: “Ganye ne, ranka ya daɗe. Ta gama jami'a, yanzu akuya za ta kiwata.” Har jami'in ya yi dariya.

Ƙarfe takwas da minti biyar na isa lambun. Bayan doguwar gaisuwa Malam Bawa ya ɗora ganyena a kan nasa, ya juya bayansu, ya murza ya sansana.

“Inabi ne, ɗiyata. Babu tantama.”

“Me ya hana shi 'ya'ya, Baba?”

“An taɓa yi mishi aski?”

Na ce ban sani ba. Ya ce in ba a datse rassa lokacin sanyi ba, ganye kawai zai yi ta zubawa, amma ko an datse bai yi mini alkawari ba, tsufa ya kama shi. Da na ce dafa ganyen zan yi, ya dube ni ya ce su tumaki suke ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa nasa, shekaranjiya aka yi feshi. Nan take na kira Inna Hajo na tambaya ko an taɓa fesa wa nasu magani. Ta ce, “Wa zai ɓata magani ga icen da bai haihuwa?” Na rubuta. Kafin azahar na koma Mafara, na sayi shinkafa da albasa da tumatir da niƙaƙƙen nama, na ajiye a firjin Mama Rifkatu.

Talata, Maradun da Kaya

Ba a sammakon wannan hanya yanzu saboda matsalar tsaro, sai rana ta ɗaga an ji labarin waɗanda suka fara wucewa. Da yake ranar kasuwar Mafara ce, motoci cike suke shigowa, suna komawa da sauƙi. Mun tashi ƙarfe tara da rabi, muka sauka Maradun goma da minti goma. Daga nan na hau babur. An yi ruwa da dare, sau biyu na sauka muka taka da ƙafa, ina rungume da kwanon nama. Ƙarfe sha ɗaya da kwata na yi sallama a gidan Kawu.

Bulo na jibge a bakin ƙofa. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Asma'u, inji abinci zai kawo gidan ga. Wanga icce mi ya taɓa kawowa ban da macizai da shara?” Na ce a ba ni zuwa la'asar. Ya ce an ba ni.

Na tsinko ganye sittin, masu laushi, daga kan rassa. Na zaɓi arba'in masu faɗin tafin hannu, na ware ashirin da suka yage ko suka yi ƙanƙanta. Na cire tsinken kowane, na tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu har korensa ya dushe. Na haɗa ɗanyar shinkafa da naman da albasa da tumatir da gishiri da mai, na zuba cokali ɗaya a kowane ganye, na naɗe kamar tabarma. Na jera a tukunya, na danne da faranti, na zuba ruwa daidai kansu. Mama Rifkatu ta ce wuta kaɗan, amma murhun itace ba ya jin wannan magana. Goma sha ɗaya suka fashe. Daga tsinka zuwa saukewa, awa uku ba minti goma.

Kawu ya ci huɗu. Ya ce, “Da daɗi. Wallahi da daɗi. Amma wa kika gani gidan ga da zai bar surhe da wanki ya zauna naɗin shinkahwa ɗaya-ɗaya? Da nama kuma? Wanga abincin masu hutu ne.”

Gaskiya ya faɗa. Na koma madafa na zauna.

Inna Hajo na tsaye kan ganye ashirin ɗin da na ware. Ta yagi ɗaya ta tauna ɗanye.

“Ke, waɗanga mi sunka yi aka kore su?”

“Ba su kai ma'auni ba, Inna.”

“Ma'auni! Ai tsami garai kamar yakuwa. Miƙo min turmi, malamar boko.”

Ta ƙaro ganye cike da hannu biyu ba tare da ta duba girman ko ɗaya ba, ta yanka, ta tafasa ya yi laushi, ta tsane. Ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa da ragowar tumatir, ta zuba ɗan man gyaɗa ta cakuɗa. Kwaɗo ke nan, irin wanda ake yi da zogale ko rama a kowane gida. Na duba agogo: minti ashirin da biyu.

Kawu ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya kai ta biyu. Nan ne wuri na farko da ban tabbatar da kalmomin ba, domin a hankali ya yi maganar, amma abin da na ji shi ne, “Na san wanga tsamin.” Ya ce suna yara, in damina ta faɗi kafin rama ta fito, mahaifiyarsu kan ba su kwaɗo mai irin wannan ɗanɗano. Ya ɗauka yakuwa ce. Bai taɓa ganin lokacin da take tsinka ba, kullum suna gona.

Ya cinye kwanon. Ya tashi ya zagaya rumfar, ya fita ƙofar gida ya auna gefen katanga da taku, ya dawo. Ya ce wa Inna, “Wajen ya hi ƙanƙanta, amma masu niƙa ba sai sun shigo muna gida ba.” Wuri na biyu: yana wucewa ya ce wani abu game da aski lokacin sanyi, ban sani ba ko umarni ne ko tambaya.

Adalci ne in rubuta cewa ba naɗaɗɗiyar shinkafata ce ta ceci itacen ba. Ganyen da na kora ne, a hannun matar da ba ta taɓa riƙe ma'auni ba. Duk da haka ni na kawo maganar gidan, kuma ba na jin kunyar cewa na yi alfahari da mu duka biyun.

Laraba, komawa gida

Na kwana ɗakin Inna. Da hantsi, ƙarfe tara, na ga an fara kwashe bulo zuwa gefen katanga inda za a yi ɗakin injin, sannan na hau babur. Na iso Mafara sha biyu saura minti biyar da ledar ganye. Na yi kwaɗon da kaina, na kai wa Mama Rifkatu nata. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Malam Bawa, da ita, da Inna Hajo.

Mahaifiyata ta ci, ta ce ita ba ta tuna wannan ɗanɗano ba, amma shekara bakwai ke tsakaninta da Kawu. Saboda haka shaidata mutum ɗaya ne, kuma harshensa ne kawai hujjarsa. Shekara da shekaru muna cewa itacen Hajiya Kulu ya gaza. Abin da ban sani ba, kuma ban ga wanda zan tambaya ba: don 'ya'ya ta dasa shi, ko tun farko don ganyen ne?